Hayar mai zanen tambari a Ingila da yadda muka saba a gida

'Yan uwa masu ƙananan sana'o'i a Kano da Kaduna sun sha tambayata yadda ake samun mai zanen tambarin kasuwanci a nan Ingila, da kuma ko aikinsu ya fi na gida. Tun da na bi hanyar lokacin da na fara ƙulla yaji da garin kunu ina sayarwa a Manchesta, ga abin da na gani.

A gida mutum yakan taka ya je wurin mai rubutun allon shago ko maɗaba'a, a gaisa, a yi tayi, a ce albarka, har a kai ga sallamawa, sannan ya ba da kafin alƙalami. A nan kusan duk cinikin a intanet ake yin sa, kuma da wuya ka ga fuskar wanda ke yi maka aikin. Akwai shafin Fiverr da ake hayar masu zane a kansa, wanda aka kafa a Isra'ila a 2010, inda da farko dala 5 ake biya kan kowane aiki, ko da yake yanzu kowa na sa farashinsa. Akwai Upwork, akwai kuma 99designs na Ostireliya, inda ake sa gasa masu zane da yawa su kawo nasu, mai sana'a ya zaɓi ɗaya. Abin da ya burge ni shi ne kuɗin ba ya zuwa hannun mai zane kai tsaye. Shafin ne ke riƙe shi har a miƙa aikin, kuma Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari daga rabon mai zanen. Wannan ya kashe maganar "dawo gobe" da muka sani, amma ya kashe sauƙin kai ma, domin gyara a nan ƙidaya shi ake yi. Idan an yi da kai a kan gyara biyu, na uku da kuɗinsa, ko da launi kawai ka ce a sauya.

Inda bambancin ya fi girma shi ne haƙƙin mallaka. A ƙarƙashin dokar Birtaniya ta 1988, mai zane mai zaman kansa shi ke da haƙƙin abin da ya zana ko da ka biya shi, sai idan ya miƙa maka haƙƙin a rubuce kuma ya sa hannu. Saboda haka a nan ba a ɗaukar hoton tambarin a matsayin ƙarshen ciniki, sai an haɗa da takardar miƙa haƙƙi da kuma ainihin fayilolin aikin. Hoto irin na PNG ko JPEG da ake turowa ta WhatsApp yakan yi kyau a waya, amma da zarar an faɗaɗa shi don allon shago sai ya dushe, gefunansa su farfashe. Fayil irin na SVG ko EPS kuwa ana iya buga shi a jikin ƙaramar leda ko a jikin babbar mota ba tare da ya lalace ba. Masu zane na gida da yawa sun iya wannan sarai, tambayarsu ce ba a yi.

Duk da wannan tsari, ban ga masu zanen nan sun fi namu sanin abin da muke so ba. Wanda na fara ɗauka, da ya ji an ce Afirka, sai ya kawo mini raƙumi da faɗuwar rana, alhali dagin Arewa nake so, irin wanda ake gani a jikin gidajen sarauta da ɗinkin babbar riga. Sai da na tura masa hotuna kafin ya fahimci yadda layukan ke sarƙe da juna. Haka kuma yawancin salon haruffan da suke amfani da su ba su da ƙ da ɗ da ɓ, har a gwajin farko wani ɗan akwati ne ya fito a gurbin ƙ ɗin da ke cikin sunan sana'ata. Ɗan Kano ba zai buƙaci wannan bayani ba, kuma kuɗinsa ba zai kai na nan ba idan aka canza fam zuwa naira. Shi ya sa nake shawartar abokaina da ke nan su tura aikin gida, amma su rubuta adadin gyara da ranar miƙa aiki da batun haƙƙi tun kafin a ba da ko sisi.

Saura rajista. Mutane da yawa a gida suna zaton rajistar sunan kasuwanci a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ta kare musu tambari, alhali rajistar alamar kasuwanci daban take, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya ake yin ta, kuma ta farko shekara 7 take yi kafin a sabunta. A Birtaniya ofishin da ke wannan aiki yana Newport a yankin Wales, ana cike takardun ta intanet, rajistar kuma takan yi shekara 10.