The Avalanches da Girl Talk: me ya sa masu sharhi ba su auna su da mudu ɗaya ba?

Ɗan'uwa, tambayar da ka kawo mana ita ce: ka ji an ce faifan Since I Left You na The Avalanches da faifan Night Ripper na Girl Talk duk da gutsattsarin waƙoƙin wasu aka gina su, to me ya sa masu sharhi suke ɗaga na farko sama, na biyun kuma su bar shi a matsayin kiɗan casu kawai? Sannan da wanne ya kamata ka fara?

Sana'arsu ɗaya ce, yanka da liƙi, amma abin da kowannensu yake nema daga kunnenka daban ne. The Avalanches so suke ka manta cewa yanke-yanke kake ji. Girl Talk kuwa so yake ka gane kowane yanki, ka ce "kai, ai na san wannan!" Kusan duk sauran bambancin, har da na makin da aka ba su da na rigimar haƙƙin mallaka, daga nan ya taso.

The Avalanches samarin birnin Melbourne ne a Ostireliya. Faifan nasu ya fito a can a watan Nuwamba na 2000 a ƙarƙashin kamfanin Modular, sai a 2001 ya isa Birtaniya ta hannun XL. Mutum biyu daga cikinsu, Robbie Chater da Darren Seltmann, su ne suka yi ainihin aikin haɗawa. Tsofaffin faya-fayan garmaho suka riƙa tsinta a shagunan gwanjo, irin waɗanda ake sayarwa da arha don ba mai waiwayarsu: kiɗan disko da ya mutu a kasuwa, barkwancin rediyo, muryoyin finafinai, goge, sarewa, har da haniniyar doki. Adadin da aka fi ambata shi ne gutsure kusan 3,500, kuma ƙiyasi ne ba ƙidaya ba. Waƙoƙi 18 ne a jere, kusan awa guda, kowace tana zubewa cikin ta gabanta ba tare da ka ji inda aka yi mahaɗa ba.

Girl Talk kuma mutum ɗaya ne, Gregg Gillis, ɗan birnin Pittsburgh a Amurka. Injiniyan kayan aikin likitanci ne, kuma lokacin da Night Ripper ya fito a 2006 yana zuwa ofis da rana, ƙarshen mako ya hau jirgi ya tafi wasa. Sai a 2007 ya ajiye aikin. Night Ripper ne faifansa na uku, kuma wani ƙaramin kamfani mai suna Illegal Art ne ya fitar da shi. Shi bai je gwanjo ba. Abin da rediyon Amurka ta kashe kunnen mutane da shi tun daga shekarun 1970 shi ya kwaso: manyan waƙoƙin rap, na rock, na soyayya, duk wanda ya yi tashe. Mawaƙa sama da 150 ya cusa cikin minti arba'in da 'yan kai, kuma da wuya wani haɗi ya kai minti ɗaya kafin ya watsar da shi ya ɗauko wani.

In za ka gane bambancin a kunne, Since I Left You miya ce da ta dahu har kayan haɗinta suka narke, kana jin daɗi amma ba ka iya cewa ga daddawa ga tattasai. Night Ripper kwaɗo ne, komai a fili kana kallonsa, kuma ganin nasa yana cikin daɗin.

Wurin da aka fi yawan ambata a Night Ripper shi ne inda ya ɗora muryar The Notorious B.I.G. daga waƙar "Juicy" a kan piyanon "Tiny Dancer" ta Elton John. A takarda gamin gambiza ne: ɗan Brooklyn yana ba da labarin talaucin da ya fito daga ciki, a kan taushin kiɗan wani Baturen Ingila na 1971. Amma da suka haɗu sai kowannensu ya ƙara wa ɗan'uwansa nauyi. To lura, wannan daɗin yana buƙatar ka san waƙoƙin biyu tun da farko. Wanda bai san su ba, rap kawai zai ji a kan piyano mai daɗi, ya wuce. The Avalanches ba su ɗora maka wannan sharaɗin ba. Hatta inda suka ɗauko sananniyar waƙa, wato kiɗan "Holiday" na Madonna, sun nutsar da shi ƙarƙashin wasu sautuka, ya leƙo ya ɓace.

Yanzu ga abin da masu sharhin suka ce, domin akwai ɗan gyara a tambayarka. Ba a wulaƙanta Girl Talk ba. Mujallar Pitchfork, wadda a wancan zamanin maganarta kan ɗaga mawaƙi ko ta kayar da shi, ta ba Night Ripper maki 8.4 cikin 10, kuma wannan sharhin yana cikin abin da ya fito da Gillis daga ɗaki zuwa manyan dandali. Faifansa na gaba, Feed the Animals na 2008, mai gutsure sama da 300, ya samu 8.0 a wurinsu, mujallar Time kuma ta sa shi na 4 a faya-fayan shekarar. Wannan ba ƙaramin yabo ba ne. Amma Since I Left You maki 9.5 ya samu a Pitchfork ɗin, ya lashe kyautuka 4 a bikin ARIA na Ostireliya a 2001, ya kai na 8 a jerin cinikin Birtaniya. Da aka zo ƙarshen shekaru goman farko na ƙarnin nan, Pitchfork ta jera faya-fayai 200 da ta fi so, shi ne na 10, Night Ripper kuma na 162. Ashe ke nan a ranar fitowa tazarar ba ta da yawa, lokaci ne ya buɗa ta.

Dalili na farko, a ganina, son rai ne irin na masu sharhi, kuma gara a faɗe shi. Mai sharhi yana girmama wanda ya sha wahalar tono. Tun 1996 da DJ Shadow ya fitar da Endtroducing, faifan da littafin Guinness ya rubuta a matsayin na farko da aka gina kacokan da gutsattsarin wasu faya-fayai, aka kafa al'adar cewa gwani shi ne mai zaƙulo abin da kowa ya manta. The Avalanches a wannan layin suka shiga. Shi kuwa Gillis ya ɗauko abin da ke bakin kowa, har da waƙoƙin da masu sharhin da kansu suke raina wa, ya ce duk ɗaya ne a wurinsa. Wasu sun ga jarumta a hakan, wasu sun ga sauƙi.

Dalili na biyu shi ya fi nauyi, kuma a nan ina tare da masu sharhin. Faifan da ya dogara da mamaki yana da ranar ƙarewa. Karo na farko da ka ji haɗin Girl Talk za ka yi dariya, karo na biyar ka riga ka san abin da ke tafe. Waƙoƙin rap na 2005 da ya ɗora a sama kuma su ma sun tsufa tare da shekararsu. Akwai kuma ƙorafin da aka riƙa maimaitawa, cewa salon nasa kusan guda ne: muryar baƙin mawaƙin rap a sama, kiɗan fararen fata a ƙasa, a sauya, a sake. Since I Left You bai ɗaure kansa da wata shekara ba tun asali, tunda kayan da aka gina shi da su sun riga sun tsufa kafin a taɓa su. Kuma yana da hali guda daga farko zuwa ƙarshe, farin ciki da wani ɗan kewa a ƙarƙashinsa. Wannan halin na The Avalanches ne, ba za ka same shi a ko ɗaya daga faya-fayan da suka yanko ba. Mai sharhi da ya ji haka sai ya ce waɗannan sun tsara waƙa, wancan kuma ya tsara biki.

Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauka aikin Gillis wasan yara ne. Daidaita muryar da aka rera a wani sauri da kiɗan da aka buga a wani saurin, su zauna a kan amo ɗaya, sau ɗaruruwa, aiki ne na watanni. Kuma faifan rabin labarinsa ne. A dandali yakan naɗe kwamfutarsa da leda saboda gumi da abin sha, yana harba gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya da manhajar AudioMulch, jama'a sun hau sun kewaye shi suna rawa. In rawa ce ma'auni, shi ne a gaba nesa ba kusa ba. Since I Left You ana kiransa kiɗan rawa, amma ni dai a zaune na fi jin daɗinsa, kuma tsakiyarsa tana da wuraren da sauti ya cunkushe har kunne ya gaji.

Ta fuskar doka ma hanyarsu ta rabu. The Avalanches sun bi ta ƙofa. An nemi izinin masu haƙƙi, Madonna ta amince, wasu suka ƙi, dole aka cire wasu gutsattsarin kafin faifan ya fita ƙasashen waje, kuma wannan neman izini yana cikin abin da ya jinkirta shi. Gillis bai nemi izinin kowa ba. Hujjarsa ita ce wani tanadi na dokar Amurka da ya halatta ɗibar kaɗan daga aikin wani in har ka mayar da shi sabon abu. Lauyoyi da yawa ba su gamsu ba, musamman da yake a 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka, a shari'ar Bridgeport, ta yanke cewa mai son yankar sauti ya nemi lasisi ko ya haƙura. Jaridar New York Times ta kwatanta kiɗan nasa da ƙarar da ke jiran ranar shigarwa. Ƙarar ba ta zo ba. A 2007 har wani ɗan majalisar wakilai daga yankinsu, Mike Doyle, ya kawo sunansa a zaman majalisa yana kare irin wannan aiki. Feed the Animals a intanet Gillis ya sake shi, kowa ya biya abin da ya ga dama, All Day na 2010 kuma kyauta ya bayar.

Tunda ka shigo wannan fage, akwai faya-fayai biyu da suke tsakanin waɗannan. As Heard on Radio Soulwax Pt. 2 na 2 Many DJs, wa da ƙani 'yan gidan Dewaele daga birnin Ghent a Beljiyam, ya fito a 2002. Sanannun waƙoƙi suka haɗa kamar Girl Talk, amma da izini kamar The Avalanches: waƙoƙi 187 aka nemi izininsu, aka samu 114, aka hana 62, sauran 11 ba a ma gano masu su ba. Sai The Grey Album na Danger Mouse a 2004, wanda ya ɗora muryar Jay-Z a kan kiɗan The Beatles. Kamfanin EMI, mai haƙƙin faya-fayan The Beatles a lokacin, ya aika masa takardar gargaɗi, sai masu goyon bayansa suka ware ranar 24 ga Fabrairu suka baza shi a intanet kyauta don nuna bijirewa, daga baya mujallar Entertainment Weekly ta zaɓe shi faifan shekara.

Wani zai ce ai mu ma mun san wannan, tunda an daɗe ana aron karin waƙoƙin Indiya a finafinanmu. Ba ɗaya ba ne. Can karin ake ɗauka a sake bugawa a sitidiyo da sababbin baitoci. Nan kuwa ainihin sautin da wani ya naɗa ake yankowa, da muryarsa da ƙarar tsohon faifansa.

Bayan nan kowa ya bi hanyar da ta dace da salonsa. The Avalanches sai da suka shekara 16 kafin su fitar da na biyu, Wildflower, a 2016, lokacin Seltmann ya riga ya bar su. Gillis kuwa bayan All Day, mai gutsure 372 cikin minti 71, bai sake fitar da faifan haɗe-haɗe irin wancan ba, ya koma yi wa mawaƙan rap kiɗa.

Shawarata, fara da Since I Left You. Mu da ba mu tashi da rediyon Amurka a kunne ba, rabin barkwancin Girl Talk wuce mu yake yi. Za ka gane muryoyin rap ɗin da suka yi tashe har nan, amma tsofaffin waƙoƙin rock da ke ƙarƙashinsu baƙi ne a wurin yawancinmu. Na The Avalanches kuwa kai da mutumin Melbourne kusan daidai kuke, shi ma bai san inda aka samo yawancin kayan ba. Ka saurare shi a jere daga farko, da abin sawa a kunne, kada ka tsallake waƙa, domin a haka aka ɗinka shi. In ka zo kan Girl Talk, Feed the Animals ya fi Night Ripper sauƙin shiga, don yakan bar haɗi ya ɗan numfasa kafin ya sauya. Amma ka sani baitocin rap ɗin da ya yanko cike suke da batsa da ashar, ba a tace komai ba, saboda haka ba na kunnawa a mota da iyali ba ne.