Zagayen gandun itatuwa: tsoho mai ban-ruwa ne ya fanshi kuɗina

Masu tambayata ko zagayen Asabar ɗin nan da matasan kare muhalli ke shiryawa ya cancanci kuɗin rajista, ku je, amma ba don masu shirya shi ba.

An ce mu hallara bayan asuba don mu riga rana. Mota ba ta zo ba sai da hantsi ya dubi ludayi, a watan Afrilu kuwa, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Gandun yana bayan gari, ta hanyar Kware. Jagoranmu yaro ne mai ladabi, sai dai komai daga waya yake karantowa. Ya dai gaya mana shirin katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, da cewa Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa a Najeriya. Madalla. Amma ya tsaya gindin bagaruwa yana fama da sunanta na boko, alhali mun tashi muna ganin majema na jeme fatar jar akuya da 'ya'yanta.

Har na fara neman inuwar da zan zauna, sai wani dattijo da ke ba dashe ruwa ya ajiye bokitinsa ya ce mu biyo shi. Gindin gawo ya kai mu. "Ɗiyana, ku duba," in ji shi, "iccen daji duk sun kaɗe, wanga shi ad da ganye." Ya ce gawo da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Da rani sai ya yi kore, dabbobi su kwanta a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar wa gonar kashinsu. Shi ya sa geron gindin gawo ke fin na gefe.

Daga nan ya durƙusa gaban kututturen kalgo da ya tofo. Ya zaɓi rassa biyu masu ƙarfi, ya datse sauran da 'yar wuƙarsa, yana cewa saiwar nan ta daɗe da cim ma laima a ƙasa, ba ta jiran bokitin kowa. Dashen leda kuwa, in ƙishirwa ta bar shi, akuya ba za ta bar shi ba. Manoman Maradi da wannan sassaben suka mayar da itatuwa gonakinsu tun shekarun 1980. Na ce, "Baba, to me ya sa kuke ta wahalar dashe?" Ya yi dariya, ya ce shi abin da aka sa shi yake yi. Wallahi ko jagoran sai da ya sa wayarsa aljihu.

Sai dai ina rubutun nan raina na sake ɓaci. Ruwan leda aka raba mana, babu ko buhun da za a zuba shara. Muna shiga mota na waiga, ga dattijon nan yana bin ledojinmu yana tsinta, har da na masu rigar ƙungiya. Da na tambaya, aka ce ba shi da kaso a kuɗin rajista. Dashen da aka yi alkawari kuma, a talla mangwaro da zogale ne, a hannu dogon yaro, wanda ke ƙofar gidan kowa a garin nan.

Don haka na rage "ku je" ɗin. In za ku, ku bari sai hunturu, ku riƙe gorar ruwanku, ku nemi mai ban-ruwa tun daga ƙofa, goronsa kuma ku damƙa masa hannu da hannu.