Masaukin gwamnati na Jeonju ko na Gangneung: wanne za a fara ziyarta?

Ɗan'uwanmu da zai je taro a Seoul ya ce rana guda kawai za ta rage masa, yana son ganin ɗaya daga cikin tsofaffin masaukan baƙin gwamnati na Koriya, ya kuma rasa wanda zai zaɓa tsakanin na Jeonju da na Gangneung. Malam, nisa ba zai raba maka gardama ba, domin kowanne tafiyar kimanin awa biyu ce daga Seoul a jirgin ƙasa na KTX. Abin da ya bambanta su shi ne abin da ya tsira a kowanne.

A zamanin daulolin Goryeo da Joseon, kusan kowace gunduma tana da irin wannan gida, wanda suke kira gaeksa. Ɗakin tsakiya ba na kwana ba ne: a cikinsa ake ajiye wani allon katako da ke wakiltar sarki, kuma ranar 1 da ranar 15 ga kowane wata hakimin gari da ma'aikatansa sukan zo su yi gaisuwa a gabansa. Jami'an da aka aiko daga fada suna sauka ne a sassa biyu da ke gabas da yamma da shi. Bayan Japan ta mamaye ƙasar a 1910, aka mayar da yawancin gidajen makarantu da ofisoshi, wasu kuma aka rushe su.

Na Jeonju, wato Pungpaejigwan, ya fi sa'a. Ɗakin tsakiya da sashen yamma tsofaffi ne, duk da gyare-gyaren da suka sha, sashen gabas ne kaɗai aka rushe a 1914 don faɗaɗa titi, aka sake gina shi a 1999. Idan ka tsaya a gabansa za ka ga tsarin da idonka, rufin tsakiya ya ɗaga sama da na gefe biyu, alamar cewa mazaunin sarki ya fi na bawansa. Darajar gidan ta samo asali ne daga kasancewar Jeonju tushen zuriyar Yi Seong-gye, wanda ya kafa daular Joseon a 1392, kuma babban allon sunan da ke rataye a goshinsa ana jingina rubutunsa ga Zhu Zhifan, jakadan daular Ming ta ƙasar Sin. Sai dai harabar ta ƙanƙance, shaguna da motoci sun kewaye ta, mutanen gari kuwa sun mai da wurin mahaɗa, suna cire takalma su zauna a daɓen katako suna jiran juna. Wani zai ga hakan ya rage masa kwarjini, ni kam ban ga aibinsa ba.

Imyeonggwan na Gangneung tsohon wuri ne ƙwarai, domin an kafa shi tun 936, a zamanin Sarki Taejo na Goryeo. Amma an mayar da shi makarantar firamare, daga baya aka rushe gine-ginen, a 1967 kuma ofishin 'yan sanda ya hau filin. Ƙofar shiga ce kaɗai ta tsira, ɗakunan da ke bayanta duk sababbi ne da aka kammala a 2006 bayan binciken tono. Ƙofar kuwa ba ƙaramin abu ba ce. Ginin ƙarshen zamanin Goryeo ne, kuma gine-ginen katako da suka rage daga wancan lokaci ba su da yawa, galibinsu ma na wuraren ibadar Buddha ne kamar Buseoksa da Sudeoksa, shi ya sa aka sanya ta cikin taskokin ƙasa na matakin farko tun 1962, alhali na Jeonju yana mataki na biyu. Ka lura da ginshiƙanta, masu kauri a tsakiya da tsukewa a sama kamar cikin tulu, da yadda aka sarƙa katakan da ke ɗauke da rufin a kan kawunansu ba tare da yawan ado ba.

Ga mai rana guda wanda bai taɓa ganin gaeksa ba, Jeonju nake ba da shawara, domin a can za ka fahimci yadda gidan yake aiki, kuma da ƙafa za ka isa ƙofar Pungnammun da Gyeonggijeon, inda aka keɓe wa hoton wanda ya kafa daular Joseon wuri tun 1410. Idan kuwa sassaƙa da fasahar gini ne suka fi jan hankalinka, ka nufi Gangneung, ka ba ƙofar mafi yawan lokacinka, sannan ka leƙa Chilsadang, tsohon ofishin mulki da ke kusa da ita.