Tikitin Svalbard: Kai Tsaye Daga Oslo, Ko A Bi Ta Tromso?

Babu filin jirgin sama a duniya da ake sayar wa kowa tikitinsa wanda ya kai na Longyearbyen shiga ƙuryar arewa. Yana tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, kan digiri 78, an buɗe shi a 1975. Kamfanonin SAS da Norwegian ne ke yawan zuwa, kuma hanya biyu ce a gaban mai sayen tikiti.

Ta farko, ka tashi daga Oslo ba tsayawa: kimanin kilomita 2,000, awa uku a sama. Ta biyu, ka bi ta Tromso, wani birni a arewacin Norway wanda shi ma yana cikin yankin Aktik, wato yankin sanyi na ƙuryar arewa. Daga can zuwa Longyearbyen kusan kilomita 950 ne, ya ɗan ɗara Kano zuwa Legas ta sama, jirgi na cinye shi cikin awa ɗaya da minti arba'in. Sai dai wannan gajartar tana yaudara, domin Oslo zuwa Tromso ma ya kusa awa biyu, ga zaman jira a tsakani. Wanda Svalbard kaɗai ta kawo shi, na kai tsaye ya fi masa. Tromso ta mai son ya kwana biyu ne ya ga hasken nan da ke rawa a samaniya lokacin hunturu, kafin ya wuce.

Amma kafin awoyi da farashi, a duba fasfo. Svalbard ba ta neman biza daga kowa, kuma ba ta cikin yankin Shengen na ƙasashen Turai masu amfani da biza guda, ko da yake Norway na ciki. Wato da ka tashi zuwa can ka fita daga Shengen, da ka dawo Oslo ko Tromso kuma sabuwar shiga ce. Mai fasfon Najeriya ko Nijar da ya karɓi bizar Shengen ta shiga sau ɗaya ya riga ya ƙone ta tun a hanyar zuwa. Dole ta zama ta shiga biyu ko fiye, kuma tun wajen cike takarda ake faɗin cewa za a je Svalbard. A jirgin da ke tsayawa Tromso, a nan ake sauke fasinjoji a duba fasfo, ko da jirgin bai canza ba.

In za ka bi ta Tromso, haɗa tafiyar a tikiti ɗaya. Guda biyu daban-daban kan fi araha wani lokaci, amma in dusar ƙanƙara ko iska ta makarar da na farko, kamfani na biyu ba ruwansa, sai ka sake saye. Jiragen ba su da yawa, musamman daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu da rana ba ta fitowa sam, don haka rasa ɗaya na iya nufin kwana a hanya. Ni dai ba zan sa jirgin komawa gida a ranar da zan baro Longyearbyen ba.

Masauki kuma a kama shi kafin tikiti. Garin mutum dubu biyu da 'yan ɗari ne, otal-otal ɗinsa kaɗan, kuma daga Afrilu zuwa Agusta, lokacin da rana ba ta faɗuwa, da wuri suke cika.