Kyamarar gaban mota da na saya a Ikeja, ga ra'ayina

Direbobin tirela da muke lodi tare a Apapa sun daɗe suna maganar wata wuta mai shawagi a daji cikin dare, wai ka nufe ta ta ja baya, ka tsaya ta tsaya, wasu su ce aljanu ne. Shi ya sa na sayi 'yar kyamarar nan da ake mannawa a gilashi, don in na gani in samu hujja.

Da rana kam ba laifi, har lambar motar gabanka tana ɗauka tar. Amma da dare wallahi ba ta taɓuka komai, fitilar mai babur ma sai ta baje kamar an ɗiga manja a ruwa, to ta yaya za ka bambance ta da waccan wutar mai shawagi? Kuma abin ba wasa ba ne, a Ostireliya suna da irin wannan wutar da suke kira Min Min, wasu masana na cewa iska mai sanyi a ƙarƙashin mai zafi ce ke lanƙwasa hasken mota daga nesa sosai. A kwarin Hessdalen na Norway kuwa har kyamarori aka kafa don ɗaukar irin wannan wutar.

Mai shagon yana da kirki, memori ma kyauta ya ƙara min. Direban dare dai gara ya ƙara kuɗi ya nemi mai ganin duhu.