Aljinet ko kitosan: wanne zai bar laisozaim ya wuce?

Wani ɗan'uwa mai binciken harhaɗa magunguna a Jos ya tambaya: ya yi tantanin jel da aljinet (sinadarin da ake samu daga ciyawar teku), furotin ɗin albumin na ratsawa, amma furotin ɗin laisozaim da bai kai shi girma ba ya maƙale. Shin ya koma kitosan, sinadarin da ake samu daga ɓawon ƙaguwa da jatan lande?

Malam, ba ƙanƙantar ramukan jel ce ta tsare shi ba. Nauyin laisozaim wajen 14 kDa ne (kDa ma'aunin nauyin ƙwayar furotin ne), albumin kuwa 66. Matsalar ta cajin lantarki ce. A pH 7.4 (pH ma'aunin tsami ne, ƙasa da 7 mai tsami) aljinet negatif yake, laisozaim fozitif, tunda sai pH ya kai wajen 11 cajinsa ke mutuwa. Yana shiga sai ya manne wa jel kamar ƙaya a riga, ba zai fito ta ɗaya gefen ba sai gurabun mannewa sun cika. Albumin negatif ne a wannan pH, jel na ture shi. Kaɗan ke shiga, amma wanda ya shiga ba ya tsayawa.

Kitosan a takarda ya fi dacewa, domin fozitif ne. Sai dai cajinsa na ɗorewa ne kawai a ƙasa da pH 6.5. Ka kai shi 7.4, yawancin cajin ya tafi. Narkar da shi ma sai da asid ɗin asetik kashi 1 cikin ɗari, kuma ba kowane furotin ke jure wannan tsamin ba. Babbar illar kuma: laisozaim da kansa yana yanka sarƙar kitosan. Za ka ga furotin na wucewa ka yi murna, alhali tantanin ne ke rubewa. Da maganin da zai yi aiki a wuri mai tsami ne, da mun ce ka gwada shi. A wannan aikin, a'a.

Zauna a kan aljinet, ka canza yawan gishiri. Ka gudanar da gwaji biyu, ɗaya da sodiyam kulorayid (gishirin girki) 10 mM (milimola, ma'aunin yawansa a ruwa), ɗaya da 150 mM. A na farko ƙarfin caji na kai nisan wajen nanomita 3, a na biyu ba ya cika nanomita 1, saboda gishiri ya lulluɓe shi. In laisozaim ya fito da wuri a na biyu, ka tabbatar caji ne.

Kada ka yi amfani da fosfet a matsayin bafa, wato ruwan da ke daidaita pH. Kalsiyam ne ke riƙe aljinet, fosfet kuma na janye shi, jel ya kumbura ya narke. Ɗauki bafar HEPES, ka zuba kalsiyam kulorayid kamar 2 mM a ɓangarorin biyu na tantanin, domin sodiyam mai yawa ma na korar kalsiyam sannu a hankali. Aljinet kashi 2 cikin ɗari, a daskarar da shi cikin kalsiyam kulorayid 0.1 M, da tataccen ruwa kawai.

Ka kuma lura da zafi. Da sanyin hunturun Jos, in wuta ta ɗauke, ruwan da ke ɗumama gwajin ya sauka daga digiri 37, ratsawa na raguwa, sakamakon wannan ranar bai kwatantu da na sauran ba.