Sun ce min "akwai" a waya, na taso tun daga Wudil

Kwana biyar ke nan ina juya abin a raina, in rubuta ko in bari, domin mai shagon dattijon kirki ne kuma ya mutunta ni. Amma wahalar da na sha ba na so wani ya sha irinta, musamman mu da muke tasowa daga wajen gari. Ba zan kama sunan shagon ba. Yana Beirut Road a Kano, a ɗaya daga cikin benayen nan da ake sayar da kwamfuta da kayanta.

Ina da ɗan shagon buga takardu a Wudil, kusa da jami'a. Kwamfutar da nake neman abinci da ita HP EliteBook 840 G2 ce, Beljiyam na saye ta, da RAM 4GB, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, da tsohon had dis mai juyawa. Lokacin furojet ya kama, ɗalibai sun yi min layi, ita kuwa da zarar na buɗe Word da CorelDraw tare sai ta ƙame, in zauna ina kallonta, mai aiki yana kallona. Shi ne na yanke shawarar ƙara mata RAM 8GB, in sa mata SSD 256GB, wato ma'ajiyar fayil da ta fi had dis sauri.

Ranar Asabar na kira lambar shagon. Na yi wa yaron da ya ɗauka bayani dalla-dalla: RAM nau'in DDR3L nake so, wanda aka rubuta PC3L a jikinsa. Har buɗe bayan kwamfutar na yi, na ɗauki hoton wanda ke ciki na tura masa ta WhatsApp. Ya ce, "Akwai, Yallaɓai, da yawa ma." Na ce, "Ɗan'uwa, ka duba da idonka, daga Wudil zan taso, rufe shago zan yi." Ya ce, "Wallahi akwai, ka taho kawai." Wannan rantsuwar ce ta sa ban ƙara kiran kowa ba.

Litinin da sassafe na ba ɗalibai haƙuri, na ce su dawo bayan La'asar. Na hau mota, muka sha cunkoso a Mariri, na sauka na kama adaidaita sahu. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ina cikin shagon. Wuri ne mai tsabta, gilasai cike da caja da linzami da filas da lasifika, fanka tana kaɗawa. Na yi sallama, yaron ya amsa kansa na kan waya. Da na ce ni ne na Wudil sai ya ɗago ya ce, "Da wa ka yi magana?" Muryarsa ce, lambarsa ce, hoton ma yana cikin wayar da ke hannunsa. Ya ɗan buɗe durowa biyu, ya rufe, ya kira wani ƙaramin yaro ya ce ya je sito ya ɗauko.

Awa ɗaya da minti ashirin na yi a kan benci. Da na gaji na fito baranda, sai ga ƙaramin yaron can ƙasa, yana fita wannan shago yana shiga wancan, yana nuna musu hoton da na turo. Ashe siton ke nan. Ni ban ga laifin karɓo kaya a wurin maƙwabci ba, haka kasuwa take, a Kwari ma haka ake yi, a Singa ma haka ake yi. Abin da ya ƙona min rai shi ne a ce min akwai alhali ba a ma san ko za a samu ba. Da ya ce, "Babu, amma zan nema maka, in na samu zan kira ka," da na zauna a shagona na yi aikina.

Daga ƙarshe yaron ya hau da RAM ɗin a naɗe cikin takarda. Ina karɓa na ga PC3 a jiki, babu L. Na ce ba shi ba ne. Babban yaron ya ce, "Duk ɗaya ne, Yallaɓai, rubutu ne kawai." Ba ɗaya ba ne. Ramin da ake cusa su ɗaya ne, shi ya sa mutane suke ruɗewa, amma PC3 wuta bolt 1.5 yake ci, PC3L kuwa 1.35, kuma irin kwamfutata na biyun aka yi ta da shi. Mai sayar da kayan kwamfuta ya kamata ya riga ni sanin wannan. Ya nace a gwada, na ce bismillah. Aka sa, aka kunna, allo baƙi ƙirin, fitilar Caps Lock sai ƙiftawa take.

Nan ne ya faɗi maganar da har yanzu in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Wai ai bod ɗin kwamfutata ne ya samu matsala. Kwamfutar da na buga shafi arba'in da ita a daren jiya! Na ce ya cire nasa ya bar nawa shi kaɗai. Ya cire, ta tashi lafiya lau. Ko haƙuri bai ba ni ba, sai ya koma wai ita ɗin tsohuwa ce, Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun watan Oktoban 2025, kuma tawa ba ta cikin waɗanda aka amince su ɗauki Windows 11, gara in kawo ta in yi ciko a ba ni wata. Maganar Windows gaskiya ce, na sani. Amma ni RAM na zo saya, kuma da ina da kuɗin wata kwamfutar da ba sai ya ba ni shawara ba.

Ina haɗa jakata Alhajin, mai shagon, ya shigo, dawowarsa daga sallar Azahar ke nan. Ya ga fuskata, ya ce, "Malam, lafiya?" Na kwashe komai na faɗa masa. Ya karɓi wayar yaron, ya karanta hirarmu, ya juya ya kalle shi ya ce, "Kai, ka rantse wa bawan Allah a kan abin da ba ka gani ba?" Sannan ya zaunar da ni a kujerarsa, ya aika aka kawo min ruwa mai sanyi, ya faɗa min gaskiya. Tun da dala ta tashi a 2023, in ji shi, ba ya iya zube jari a kayan da za su yi watanni a gilas. Abin da ke tafiya yake ajiyewa, RAM nau'in DDR4 da caja da allon fuska, sauran sai an nema ya sa a turo daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Na ji daɗin wannan bayanin ƙwarai, domin shi nake nema tun ranar Asabar.

Ya kira wani abokinsa a Farm Centre, ya sa ya karanto masa rubutun jikin RAM ɗin harafi bayan harafi, ya tura yaro a babur ɗinsa ya karɓo. Aka sa, ta tashi, ta nuna 12GB. SSD kuwa aka kawo shi a cikin leda mai manne, na tambaya, "Alhaji, sabo ne ko Beljiyam?" Yaron ne ya yi caraf ya ce sabo dal. Mai gyaransu ya ɗora Windows, ya mayar min da fayiloli, Alhaji ya hana a karɓi kuɗin aiki. Na yi tiransifa, muka yi musabaha. Gaskiya na sauko daga benen nan raina fes, har ina cewa a zuciyata na samu wurin zuwa. Kwamfutar da take cin minti uku kafin ta tashi, yanzu kafin in gyara zama ta buɗe.

Sai da daddare, bayan na isa gida, na buɗe manhajar CrystalDiskInfo don in ga lafiyar SSD ɗin da awannin da ya yi yana aiki. Sabon abu ya kamata ya nuna awa biyu ko uku da aka yi ana ɗora masa Windows. Wannan sama da awa dubu bakwai ya nuna. An yi ta aiki da shi a wani wuri, aka goge, aka sa a leda, aka sayar min a kuɗin sabo. Na ɗauko rasit, babu abin da aka rubuta sai SSD 256, ba sunan kamfani, ba lambar jikinsa, ga hatimin ba a dawo da kaya a ƙasa. Duk ɓacin ran safiya ya dawo min sabo. Na tuna ɗalibar da ta gaji da jira ta kai furojet ɗinta wani shago, na tuna kuɗin mota zuwa da dawowa, na tuna na isa Wudil bayan Magariba ban buga ko shafi ɗaya ba.

Washegari na kira. Yaron ya ce garantin sati ɗaya ne, in ina so in kawo a duba, wato in sake rufe shago. Na nemi lambar Alhaji. Ya yi shiru da na tura masa hoton abin da manhajar ta nuna, ya ce shi ma a sabo aka ba shi daga shagon ƙasa, ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce zai dawo min da abin da ke tsakanin kuɗin sabo da na Beljiyam. Ranar Alhamis alat ya shigo, cif yadda ya faɗa. Allah Ya saka masa da alheri. Sai dai ni sabo na so, domin ayyukan mutane ne a kai, kuma manhajar da ta nuna min gaskiya kyauta ce, minti ɗaya ya isa a duba kafin a miƙa wa mai saye. Shago mai mai gyara a zaune ba shi da hujjar cewa bai sani ba.

Yanzu batiri ne ya rage min, CM03XL, nawa ko rabin awa ba ya riƙewa in an ɗauke wuta. Jiya na tambayi Alhaji, ya ce babu, sai ya sa an turo daga Legas, in ba shi sati biyu. Na ce na yarda, zan jira. Don in tabbatar wa kaina, na tura tambayar a lambar shagon ta wayar ƙanena. Ko minti biyu ba a yi ba amsa ta shigo: "Akwai, Yallaɓai, ka taho."